Man Shanun Gogo Hajjo

Abdulhamid mutum ne mai son komai ya tafi a tsare. Ko takalmansa ya cire a ƙofar masallaci sai ya jera su kai ɗaya, in kuwa ya fito ya tarar wani ya ture su da ƙafa, to ranar mutanen gidansa za su sha labari. Allah kuma da ikonsa sai ya ɗora wa irin wannan mutum sana'ar madara, wadda ba ruwanta da tsari: yau ta yi yawa har a rasa mazubi, gobe a yi ta leƙen gindin jarka.

Wurin da yake dafa madarar ya mai da ita kindirmo, ya ɗura a 'yan robobi masu hoton saniya, yana Gashua. Madarar kuwa daga rugagen da ke gefen hanyar Jakusko take fitowa, kuma a ɗaya daga cikinsu ya tashi. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan ƙarami, sai ƙanwar mahaifin, Gogo Hajjo, ta ɗauke shi ta haɗa da nata 'ya'yan. Da ya gama karatu ya dawo da zancen kindirmon roba, mutane suka yi ta dariya. Gogo Hajjo ce ta fara miƙa masa ƙwaryarta, sannan ta bi matan rugagen ɗaya bayan ɗaya ta ce su ba ɗanta. Ba robar suka yarda da ita ba, Hajjo suka yarda da ita. Har yau kuma haka abin yake: inda ƙwaryar Gogo Hajjo ta nufa, nan sauran ƙorai suke bi.

Kasuwa ta yi albarka har ya buɗe shago a Nguru, a bakin kasuwa, da manyan firji masu aiki da hasken rana, ya kwashi iyalinsa ya koma can. Daga nan damuwa ta fara, don mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Kullum da asuba direbansa Maiturare yakan ɗauki a-kori-kura ya zaga rugage, kuma Maiturare ba ya wuce ruga sai ya tambayi lafiyar kowa, har da ta tsohuwar da ke ciwon gwiwa. Abdulhamid yana Nguru, bai san ko madarar yau za ta isa ba sai motar ta shigo Gashua rana ta take. Wannan rashin sani shi ne yake cin ransa.

Sai aka haɗa shi da Tayo. Kakan Tayo aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nguru, jirgi ya daina zuwa, su ba su tafi ba. Hausar Tayo ta fi ta wasu Hausawan daɗi, kuma aikinsa ke nan haɗa wa 'yan kasuwa manhajar da za ta riƙa yi musu aikin da suka gaji da yi. Ya saurari Abdulhamid har ya gama, sannan ya ce, "Zai yiwu, Malam Abdulhamid. Amma ka bar ni in bi motar nan tukuna, ko na mako guda ne, in ga yadda ake karɓar madarar da idona."

Abdulhamid ya yi dariya. "Haba Tayo. Baƙona ne kai, in tashe ka da asuba in cusa ka a bayan a-kori-kura cikin taɓon damina? Ni da na tashi a ruga, me za ka je ka gano wanda ban sani ba? Zauna ka sha shayi in zayyana maka."

Ya kuwa zayyana masa, kafin shayin ya huce an gama. Ana tatsa, a kawo bakin hanya, mota ta ɗauka, shi ke nan. Da Tayo ya tambayi su wa ke kawo madarar, sai Abdulhamid ya shiga jero masa gidaje yadda kowa ke kiransu, da sunan maigida: gidan Abbo mijin Gogo, gidan wane, gidan wane. Lambobin wayar mazan ya bayar, don su ne masu waya a aljihu, kuma ko matan suna da ita, ba a miƙa wa baƙo lambar matar wani.

Tsarin da suka yanke mai sauƙi ne. Kowace yamma wata murya za ta kira kowane gida da Fulatanci ta tambayi yawan madarar gobe: a danna ɗaya in kaɗan ce, biyu in matsakaiciya, uku in mai yawa. Manhajar ta haɗa amsoshin, ta zana wa Maiturare hanyar da zai bi a wayarsa.

"Gidan da ya yi ta faɗin mai yawa ana tarar da kaɗan fa?" in ji Tayo.

"A cire shi daga hanya. Mai ake ƙonawa."

"Ko dai ta fara sanar da kai kafin ta cire?"

"In komai sai an tambaye ni, to me na saya ke nan?"

Tayo ya rubuta yadda aka ce masa.

Ba ƙarya Abdulhamid ya yi ba, kuma ba mantuwa ya yi ba. Ya san sarai cewa a ruga shanu na maza ne, madara ta mata ce, namiji ba ya sa baki a ƙwaryar matarsa. Ya san mace ba ta sanin abin da za ta sayar sai maraƙi ya sha, yara sun sha, an ga ko baƙo ya kwana. Amma shi a wurinsa waɗannan ba aiki ba ne, zaman gida ne kawai, irin abin da mutum ya sani har ba ya ganinsa. Wanda ya tambaye ka yadda ake shiga gidanku, ba ka ce masa ana tura ƙofa.

Makon farko Abdulhamid kamar an yi masa bushara. Yana zaune a shagon Nguru, masu Keke Napep na ta ƙaho a waje, warin bandar kifi na shigowa daga layin 'yan kifi, shi kuwa ga motarsa yana kallo a fuskar waya, ɗan ɗigo yana tafiya. Da ya ga ɗigon ya kauce hanya ya tsaya a wata ruga da ba a zana ba, nan take ya kira Maiturare.

"Maigida, gaisuwa kawai na tsaya yi, an yi musu haihuwa."

"Ba gaisuwa na aike ka ba. Daga yau inda waya ta nuna maka nan za ka bi. Kada ka ƙara, kada ka rage, kuma kada ka riƙa kawo mini surutu."

Maiturare ya ce to. Mutum ne mai jin magana, kuma wannan karon ya ji ta fiye da yadda ake so.

Damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe fadama, lokacin da ya kamata a rasa inda za a zuba madara. Amma ita madarar Abdulhamid sai baya take yi. Mota tana dawowa da wuri ƙwarai, man da take sha ya ragu, hanyar da ke wayar kullum ƙara gajarta take yi, gwanin sha'awa. Jarkokin ne dai ba sa cika. Firji ɗaya a Nguru ya zama wurin ajiye ruwan leda. Ya ɗora laifin a kan taɓo, ya ɗora a kan masu sayen madara na Jakusko, har ya fara zargin ma'aikatan Gashua. Manhajar kaɗai ce bai zarga ba, don ita ce kaɗai ke yin abin da aka ce mata.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wani direban motar haya daga Gashua ya shigo shagon da bokitin fenti an ɗaure bakinsa da tsumma mai tsabta. Ya ce saƙo ne daga wata tsohuwa ta hanyar Jakusko, ba ta haɗa shi da wata magana ba sai gaisuwa. Abdulhamid ya kwance tsumman. Man shanu ne, cike fal, rawaya, da zanen yatsun Gogo a samansa yadda take lallaɓe shi tun yana yaro. Ƙamshin ya cika shagon, ya ji daɗi har cikin ransa, ya lakata ya kai baki.

Man yana bakinsa murmushin ya tsaya. Shi ne mai kaɗa wa Gogo gora yana yaro, har kafaɗunsa su yi tsami, ya san irin tarin nonon da ake kaɗawa kafin a sami curi ɗaya. Macen da mota ke kwashe madararta kowace safiya ba ta da abin da za ta kaɗa ta cika bokiti. Wannan man na safiyoyi ne masu yawa da ba wanda ya zo ya karɓa.

Ya kira Maiturare, muryarsa a ƙasa. "Yaushe rabonka da rugar Gogo?"

"Ai an kwana biyu, Maigida. Tun da wayar ta daina nuna kwanar tasu."

"Kuma ba ka gaya mini ba?"

"Kai ka ce kada in kawo maka surutu. Ni na ɗauka da saninka. Na ce tsakanin mutum da gogonsa ba ni shiga."

Tayo ya zo da yamma ya buɗe kwamfutarsa a kan firjin da babu komai a ciki. Abin a fili yake. Kowace yamma wayar Abbo takan danna uku, da safe a tarar da madarar ɗaya, wani lokaci biyu. Da abin ya maimaitu, manhajar ta cire gidan, gidansa ne ma na farko da ta cire. Bayansa wasu suka biyo. Waɗanda ba a cire ba kuma, da matan suka ga motar ta daina tsayawa wurin Hajjo, sai suka fara janye nasu ƙorai. Tayo bai ce ai na gaya maka ba, kuma Abdulhamid ya gode masa a zuci da bai faɗa ba. Abin da Tayo ya ce kawai shi ne, "Gobe zan bi ka."

A daren suka tafi Gashua suka kwana, suka yi sallar asuba, Abdulhamid ya ja motar da kansa. Duk tsawon hanya yana shirya bayanin da zai yi, yana gyara shi, yana neman Fulatancin da zai fassara manhaja da shi. Suka sauka daga kwalta, suka bi ta cikin gero da ya kai kafaɗa, suka wuce bishiyar aduwar da mata ke jiran mota a gindinta. Ƙasar wurin ta yi sumul saboda zama.

Sun tarar ana tatsa. Maruƙa na jere a ɗaure a igiyar dangwali suna kuka, Gogo Hajjo na tsugune gefen wata farar saniya da ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Ta ɗago ta gan shi, fuskarta ta washe, ta gaishe shi da Fulatanci.

"Hamidu. Jam waali?"

"Jam, Gogo."

Ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa baƙon maraba, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma, ta koma kan aikinta. Ko alamar fushi babu, abin da ya ƙara sanyaya masa jiki ke nan.

Abbo ya fito yana gyara malafarsa, dogon tsoho mai fara'a wanda ba a taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Bayan gaisuwa Abdulhamid ya ce, "Baffa, muryar nan da ke kiranka da yamma, me ya sa kullum uku kake dannawa?"

Abbo ya dube shi da mamaki. "To me zan danna? Yarinyar tana gaishe ni da ladabi, ta ce kai ka aiko ta. Ɗana ya aiko yana neman abu a gidana, in ce masa kaɗan? Babban nake danna maka."

"Kana gaya wa Gogo abin da ka danna?"

"Me ya haɗa ni da madarar mata?"

Tayo ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Can ya matsa kusa da Gogo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya zuba ido. Ya ga an kwance maraƙi ya fara sha kafin a taɓa nonon, ya ga an janye shi an tatsa, an sake mayar da shi. Ya ga wata saniya an bar ta gaba ɗaya don ɗanta ba shi da lafiya. Ya ga an ɗebi ta yara, an ɗebi ta wata maƙwabciya mai jego, an kuma ɗebi ta baƙi biyun da suka faɗo da sassafe ba sanarwa, wato su.

"Gogo," in ji shi, "yanzu in na tambaye ki madara nawa za ki samu gobe, za ki iya gaya mini?"

Ta yi dariya har haƙoranta na goro suka bayyana. "Ga maraƙin can, ɗana, je ka tambaye shi. Shi ke fara sha."

Tayo ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ashe tambayar ce tun farko ba ta da amsa. Ya tashi ya bi Abbo wajen garke yana ta yi masa tambayoyi, tsohon kuwa ya sami abokin hira.

Aka bar Abdulhamid da Gogo. Ta juye madarar da ta rage a babbar ƙwarya, ta rufe da faifai. Ya matso ya ce, "Gogo, daga gobe motar za ta dawo. Yau ma ga ta can, ni zan ɗauka da kaina."

"Wannan ta Safiyatu ce."

"Wace Safiyatu?"

"Mai fura ta Jakusko. Ita ta gan mu a gindin aduwa rana ta yi, madara na shirin tsinkewa, ta tsaya da babur ɗin ɗanta. Wadda ta iya ɗauka ta ɗauka, sauran na kaɗa. Na ce mata ta riƙa zuwa har kaka, duk abin da maraƙi ya bari nata ne."

"Gogo, in babu madararki sauran matan ma ba za su dawo ba. Wurin Gashua zai tsaya."

"Na sani, Hamidu. Amma na riga na faɗa mata da bakina."

Ya san an gama wannan maganar. Gogo ba ta danna uku don kunya. Abin da ta ce shi ne. Ya dubi faifan, sannan ya yi tambayar da ta hana shi sakat tun jiya.

"Me ya hana ki kira ni?"

"In kira ka in ce me?" Ta goge hannunta a gefen zane. "Mutum ya girma, ya san abin da ya fi masa. Na ce wataƙila madararmu ce ta yi maka kaɗan, ka sami inda ya fi. Safiyar farko na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba, don matan nan ni suke kallo. Ta biyu ma haka. Daga baya na ce ɗana ne, kasuwarsa yake nema, na yafe. Shi ya sa na aika maka man, don ka san babu komai a raina."

Bayanin da ya kwana yana shiryawa ya zo masa baki, yana murna zai wanke kansa. Ya ce da sauri, "Wallahi Gogo ba ni na ce a daina zuwa ba. Na'ura ce ta cire ku da kanta. Ni ban ma san motar ta daina zuwa ba sai jiya, da na ga man."

Hannunta ya tsaya a kan faifan. Ta ɗago ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba, ba na fushi ba.

"Ba ka sani ba?"

"Ban sani ba, Gogo."

"Duk kwanakin nan."

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa da kunnensa. Ita tana gindin aduwa tana nema masa uzuri, shi yana Nguru yana sha'awar yadda hanya ta gajarta. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro, ya rasa inda zai sa idonsa.

Gogo Hajjo ta gyara zaman faifan a kan ƙwaryar. Maruƙa sun yi shiru, an fara kora shanu fadama. Can ta ce a hankali, "Wancan na riga na yafe shi, Hamidu. Wannan kuwa sabo ne. Sai ka ba ni lokaci."

Daga wajen gonar gero aka jiyo ƙarar babur yana tahowa. Ta yunƙura za ta ɗauki ƙwaryar, gwiwarta ta ɗan ƙi. Abdulhamid ya riga ta. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya ɗora ƙwaryar a ka yadda yake yi yana yaro, ya nufi gindin aduwa da ita don ya miƙa wa Safiyatu. Gogo ba ta hana shi ba, ta biyo bayansa tana cewa ya taka a hankali kada ta zube.